Shuɗin Duron Gidan Malam Inuwa

Bompai

Kwanana biyu da shigowa Kano aka raba ni da wayata, kuma da hannuna na miƙa ta.

Sunana Isuhu. Mutumin wani ƙauye ne ni a ƙasar Matamaye, cikin Nijar, inda na yi shekara tara ina koyar da yara a makarantar boko. Ajina rumfar kara ce, damina ta kwashe, kaka mu sake kafawa. A shekarun nan duka ban ga ɗalibina ko ɗaya da karatun ya kai shi wani wuri ba. Har na kai ina tsaye gaban allo bakina yana magana, zuciyata kuwa tana tambayata amfanin abin da nake yi. Da na ji labarin cewa kamfanonin Kano masu fitar da riɗi waje suna neman mai jin Faransanci, ban tsaya wani bincike ba.

Wanda ya tare ni a tasha sunansa Ɗanliti, ko kuma haka ya ce mini. Kaftaninsa ya sha guga, bakinsa kuma da zaƙi. Daga jin Hausata ya gane inda na fito, ya ce shi ma kakarsa 'yar Damagaram ce. Washegari ya sa ni a adaidaita sahu muka nufi Bompai. Ban taɓa ganin manyan motoci da yawa haka ba, sun yi jerin gwano a gefen titi, ga dogayen katangu, ga hayaƙi, ga mutane kowa yana sauri kamar an kore shi. Muka tsaya a bakin wata babbar ƙofar ƙarfe. Ya ce manaja ba ya ganin baƙo sai an fara shigar da lambarsa da hoton takardunsa, in ba shi wayar, minti biyar ya fito.

Na zauna a bakin ƙofar nan tun hantsi har aka kira la'asar. Da na gaji na tambayi wani tsoho mai gadi a ƙofar da ke kusa. Ko ɗagowa bai yi daga gyaran rediyonsa ba ya ce mini ai wannan masaƙa ce da ta mutu tun tuni, ba kowa a ciki sai ƙadangaru, katangar baya ma ta rushe, mutane ta nan suke yanke hanya. Satar ta ba ni mamaki, amma yadda tsohon ya faɗe ta ya fi ba ni, kamar mai gaya mini farashin goro.

Duk lambobin gida a cikin wayar suke. Ni da nake sa yara hadda, ban haddace lambar yayana ba. Sai da na yi sama da shekara ban ji muryar mahaifiyata ba.

Wata mai sayar da shinkafa da wake a gindin katangar, Hajiya Mairo, ita ta ga na kasa tashi daga wurin. Ta zuba mini abinci, na ce ba ni da abin biya, ta ce ita ba ta tambaye ni ba. Tana dariyar yadda nake magana, tana ƙara mini mai. Ita ta haɗa ni da wani mai ɗaukar leburori a wani siton riɗi. Na yi wata biyu ina dakon buhu, ina kwana a barandar masallaci. Fatar kafaɗata ta saɓule ta sake tohowa. Rana ɗaya na yi ƙarfin hali na leƙa ofis na ce ina jin Faransanci, ko za a buƙace ni. Wani matashin akawu ya ɗaga wayarsa, ya yi mata magana da Turanci, ta mayar masa da Faransanci mai kyau, har ya fi nawa daɗin ji. Ya ce, "Malam, ka ga mai yi mana." Na fita na koma dakon buhuna.

Sharada

Da kakar riɗi ta wuce aka sallame mu. Wani abokin dakona, Habu, mutumin wajen Gumel, ya ce mu gangara Sharada, akwai wurin niƙa tsofaffin robobi da ke ɗaukar mutane. Muka kama ɗaki ɗaya mu biyar. Habu yana da mata da 'ya'ya biyu a gida, kuma burinsa bai wuce ya sayi keken ɗinki ba, don ya iya ɗinki tun yana yaro. Shi ya koya mini cin gurasa da ƙuli, shi kuma yake hana sauran yi mini tsiya in na yi kuskuren kiran abu da sunansa na can gida.

Aikinmu tura fasassun bokitai da kujerun roba cikin bakin inji. Ƙararsa ba ta barin ka ji na kusa da kai. In roba ta maƙale, da hannu ake tura ta, haka muka tarar ana yi. Wata Talata da hantsi na ga Habu ya ja da baya yana kallon hannunsa. Bai yi ihu ba. Yatsu uku na hannun dama babu su.

Aka naɗe hannun da riga aka sa shi a adaidaita. Ni ina tsaye, shugaban leburori ya miƙo mini bokitin ruwa ya ce in ɗauraye bakin injin. Na ɗauraye. Ina gogewa ne na ga wata takarda manne a jikin ƙarfen, ƙura ta rufe ta, da hoton hannu an ja masa jan layi, da hoton sandar da ya kamata a riƙa turawa da ita. Wata huɗu muna aiki a gabanta, ba wanda ya taɓa nuna mana. Kafin azahar an kira wani daga cikin masu jira a bakin ƙofa ya tsaya inda Habu yake tsayawa, inji ya tashi. Robar da aka niƙa da safen nan ma ba a zubar ba, buhu aka zuba ta.

Habu ya koma Gumel bayan kwana goma. Ya bar mini bargonsa. Ban ƙara mako a wurin ba.

Challawa

Tun kafin ka ga Challawa hancinka zai gaya maka ka iso. Warin jima ne, amma ba irin na majemar ƙauye ba, wannan har a harshe kake jinsa. Kwatocin da ke fitowa daga bayan kamfanoni yau baƙi, gobe kore, jibi ja, duk suna gangarawa kogi. Na samu shiga wani kamfanin fata a matsayin leburan yini, ina jan kiraga daga kwamin jiƙo. A nan ne na yi suɓul da baka na ce a garinmu mushe ake ce mini, don haka muke kiran malamin makaranta, aro daga Faransanci. Ma'aikata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, suka ce lallai na zo inda ya dace da ni. Sunan ya bi ni har yau.

A masallacin wani ƙauye da ke bayan kamfanonin na haɗu da Malam Inuwa. Dattijo ne, manomi, yana da lambu a bakin kogi tun kafin a kafa tubalin farko a wurin. Ya lura kullum ni ne na ƙarshen fita, ya tambaye ni masauki, na ce duk inda dare ya yi mini. Ran nan ya sa aka share mini shagon da ke jikin zaurensa. Matarsa, Iya Binta, ba ta taɓa sauke tukunya ba ta aiko mini ba. Babban ɗansu Auwalu a gidan yake da iyalinsa, yana da 'ya mai shekara shida, Safiya. Yarinyar ba ta rabuwa da ciwon ciki da gyambon baki. An yi na asibiti, an yi na gida, ya lafa ya dawo.

Rijiyar gidan ta daɗe da ɓaci, don haka ruwan burtsatse suke saya wurin 'yan garuwa, a juye a wani babban shuɗin duro na roba da ke tsakar gida. Daga nan ake sha, daga nan ake girki. Ni ma kullum da shi ake cika mini buta da kwanon sha. Auwalu ne ya kawo duron, don sana'arsa ke nan: yana sarin duro a ƙofar kamfanoni ya kai kasuwar Panshekara.

Bayan wata uku ruwan kwami ya cinye mini tafin hannu, sai aka mai da ni bayan sito. Mai kula da siton ya nuna mini tarin shuɗɗan duro da aka gama amfani da su, ya ba ni wuƙa da tiyo. Aikin mai sauƙi ne, in ɓare takardar da ke jikin kowanne tas, in watsa masa ruwa, in jera. Na yi murna.

Na ɓare na farko da na biyu. A na uku idona ya faɗa kan rubutun. Harsuna huɗu ne a jere, na ukunsu Faransanci. Rabona da karanta wani abu tun barina gida, sai na tsaya ina karantawa don marmari kawai. Takardar ta ce abin da ke ciki guba ne, yana kisa in an haɗiya, yana cin fata, kaɗan-kaɗan ɗinsa kuma in ya daɗe yana shiga jiki yana lalata hanta da ƙoda. A ƙasa da manyan baƙaƙe aka rubuta kada a sake zuba komai a mazubin ko an wanke shi, a huda shi a lalata.

Na tambayi wanda muke aikin tare ina ake kai durorin nan. Ya ce kasuwa mana, mutane na rububinsu, masu ruwa, masu kunu, masu manja. Ya ce shi ya sa ake ɓare takardar, in da hoton ƙoƙon kan mutum ɗin nan na takardar a jiki ba mai saya.

Na zauna a kan duron. Da safen nan na sha ruwan gidan Malam Inuwa kofi biyu. Na tuna Safiya tana ɗage ƙafa tana tsoma moɗa. Na dubi wuƙar da ke hannuna, na tuna bokitin da aka miƙo mini a Sharada na karɓa ban ce komai ba.

Na ɗauki takardar na je wurin mai kula da sito, a zatona bai sani ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mushe, an ɗauke ka ka ɓare takarda ne, ba ka karanta ta ba." Na ce hannuna ba zai ƙara ɓare ko ɗaya ba. Ya ce to ƙofa a buɗe take. Na fita da takardu uku a cikin rigata.

Da na isa gida na wuce kai tsaye wurin duron, abin da ban taɓa yi ba, don ban saba shiga cikin gida ba sai da sallama da dalili. Na zagaya bayansa. Ga shatin inda aka kankare takarda, ga lambobin da aka zana a jikin robar, iri ɗaya da na wanda na bari a sito.

Bayan la'asar na sami Malam Inuwa a zaure, Auwalu yana gefensa. Na durƙusa na ce, "Malam, ku gafarce ni, akwai maganar da in na riƙe ta na ci amanar gidan nan." Na shimfiɗa takardar na fassara musu layi-layi. Auwalu ne ya miƙe. Ya ce shekara biyu suna shan ruwan nan ba wanda ya mutu, da sabulu da ruwan zafi ya wanke duron da hannunsa, rabin gidajen ƙauyen nan shi ya sayar musu. Ya ce an ba baƙo wurin kwana, yau shi zai ce yana kashe 'yarsa, ya kuma kashe masa kasuwa. Ya ce in tattara bargona kafin gobe. Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, ɗansa ne, kuma da sana'ar nan ake ci a gidan.

Ina cikin ɗaure kayana Iya Binta ta aiko a kira ni. Ashe tana bayan ƙyaure ta ji komai. Ta ce in sake karanta mata, a hankali, kada in rage kome don jin kunya. Na karanta. Ta ce wankin fa? Na ce takardar ta ce wanki ba ya fitar da shi, robar tana sha. Ta ce ni na ga hakan da idona? Na ce a'a, abin da masu yin maganin suka rubuta kawai na sani, kuma ba zan rantse cewa shi ke sa wa Safiya ciwo ba.

Ta dubi duron. Tsohuwa ce ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba. Ta je ta sa kafaɗa ta tura shi, cike yake da ruwan da aka saya da safe. Ya kife, ruwa ya malale tsakar gida har zaure. Ta ce wa surukarta ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar randar da aka jingine. Sannan ta ɗaga murya yadda na zaure za su ji, ta ce, "Baƙon nan ba inda za shi. Wanda bai yarda ba ya zo ya same ni."

Ba wanda ya zo.

Washegari ta ɗauki Safiya da takardar muka tafi asibitin Panshekara. Ma'aikaciyar jinyar ta karanta ɓangaren Turancin, ta dube mu, ta sake karantawa. Ta ce ba za ta iya tabbatarwa ba sai da gwajin da ba su da kayansa, ga kogi ga iska duk abin zargi ne, amma ko a gidanta akwai irin duron nan, kuma yau za ta fitar da shi. Gyambon bakin Safiya ya warke cikin 'yan makonni. Ciwon cikin ya ragu, bai tafi duka ba. Allah ne ya san gaskiyar abin.

Ba ni da aiki, sai na koma taya Malam ban ruwa a lambu. Iya Binta kuwa ba ta bar maganar a gida ba, duk gidan suna da gidan biki sai ta kai ta. Aka fara aikowa a kira Mushe ya zo ya duba duro. Na shiga gidajen da ban san adadinsu ba. Wasu su yarda, wasu su ce talaka bai da zaɓi, wani ma ya ce in na isa in saya masa sabo. Liman ya ba ni dama na yi magana bayan sallar Juma'a, rabin mutane suna dariyar Hausata, amma da na ɗaga hoton ƙoƙon kan nan dariyar ta tsaya. Wasu 'yan sarin duro suka tare ni a hanyar lambu suka yaga mini riga, suka ce in na ƙara za su sa a mai da ni ƙasarmu a akwati. Na ji tsoro sosai, kwana uku ban fita ba. A na huɗu wata mata ta aiko cewa jaririnta take dama wa koko da ruwan duro, in taimaka in zo. Na sa takalmi.

A hankali na gane ba kowane shuɗin duro ne mugu ba. Akwai waɗanda ruwan sukari ko man girki suka zo a ciki. Na koyi bambance su ta lambobin jiki da ta wari, inda ban sani ba in ce ban sani ba. Ma'aikata kuma suka fara kawo mini takardun da suka ɓaro daga buhuna da galan, in an tashi aiki, a teburin mai shayi. Na samo kwali na zana musu alamomin: harshen wuta, ƙoƙon kai, hannun da ruwa ke ci, mataccen kifi. Manyan mutane masu gemu suna maimaitawa a bayana. Wata rana ina cikin bayani na ji muryata, irin wadda nake yi a gaban allo ce, amma wannan karon na san abin da ya tsayar da ni a wurin.

Auwalu ya yi wata biyar ko gaisuwata ba ya amsawa. Kasuwarsa ta faɗi ƙwarai, na kuma san da hannuna a ciki. Ran nan da sassafe ya tsaya a ƙofar shagona da babur, bai kalle ni ba, ya ce in hau, akwai kaya a wani kamfanin lemo, yana so a duba masa kafin ya saya. Tun daga nan tare muke zuwa. Na guba in sun haɗo cikin kaya yakan huda gindinsu ya sayar wa masu zuba shara. Har yau ba mu taɓa tayar da maganar zauren nan ba.

A wajen wani direba ɗan Matamaye na samu lambar yayana. Mahaifiyata ta yi kuka ta yi faɗa, sannan ta tambaye ni aikin me nake yi a Kano. Na ce koyarwa. Ta ce to da wannan ai da ka zauna gida. Na ce mata zan zo da salla in yi mata bayani.

Ba a daina sayar da mugayen durorin ba, kada in yi ƙarya. Ana ɓare takardu har gobe, kwatoci kuma suna nan da launinsu. Amma a watan jiya na shiga kasuwar Panshekara, a wata rumfa da ba ta Auwalu ba, na tsaya ina jujjuya wani duro ina duba lambarsa. Sai wani mutum da ban taɓa gani ba, da buhun masara a kafaɗa, ya dafa ni. Ya ce in ba zan ji haushi ba, kada in sayi wannan don ruwan sha. Ya ajiye buhunsa, ya kama yatsana ya ɗora a kan shatin takardar da aka kankare, ya nuna mini lambar, ya sa na sunkuya na shinshina bakin. Bayaninsa daidai, sai wuri ɗaya da ya ɗan karkace. Na tambaye shi a ina ya koya.

Ya ce, "Matata ce ta jiyo a gidan suna. Wai wani mutumin Nijar ne yake bi gida-gida. Ni ban san shi ba."

Na gyara masa wurin da ya karkace, a matsayin mai tambaya, ya ce haka ne, haka ma matar tasa ta faɗa. Na yi masa godiya, na taya shi ɗora buhunsa. Ya yi gaba kaɗan, sai na ga ya sake tsayawa wurin wata mata da ke taya duro a rumfar gaba.